Gatsen da Ya Ci Lambun Malam

Kai da ka buɗe wannan ƙunshi, in ɗan gidan nan ne, zauna ka karanta da hankalinka. In baƙo ne, mayar da shi inda ka ɗauka. Ban tara takardun nan don nishaɗin kowa ba. Na tara su ne don 'ya'yana da jikokina su ga abin da maganar tsakar gida take zama idan ta fita titi babu mayafi.

Ni ce Barakatu, matar Malam mai lambun albasa a bakin kogin Wudil. Ɗaya mai rubutun 'yata ce ta fari, tana aure a Agege ta Legas, tana koyarwa a wata makaranta a can. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma zama hira da shi. Tun da aka yaye ta kakarta ta tafi da ita Lajawa, daga nan sai makarantar kwana, daga nan sai ɗakin miji. Ko a waya gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai in miƙa wa ƙannenta. Abin da baki ya ji nauyin faɗa shi nake ba wa biro. Garzali direban motar shanu ne yake kai mata in an ci kasuwar Juma'a, ya dawo mini da amsa. Ba na aika wasiƙa ban bar kwafi ba, haka aka koya mana a sakandare. Ga nawa ga nata a jere.

*

Wudil, watan Nuwamba

Zuwa ga uwar Ja'afar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya maigidanki Malam Ɗayyabu, yaya aiki, yaya zaman Kurmi? Ki gaida angona Ja'afar, ki ce masa na gaji da auren da babu cefane, in bai zo da Sallah ba zan kai ƙararsa wurin kakansa. Babanku lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ba ya rabuwa da shi. Ƙannenki suna gaishe ki.

Rasuwa aka yi mana. Safara'u 'yar wajen Indo maƙwabciyarmu, wadda take kawo mana awara da yamma, ruwa ya ci ta. Ta je wanki da 'yan uwanta yara a inda suka saba, inda ruwa bai taɓa wuce gwiwa ba. Ashe masu ɗiban yashi sun haƙe wurin da ranin da ya wuce, damina ta zo ta rufe ramin. Zane ya kuɓuce mata, ta taka ta ɗauko, shi ke nan. Sai da masunta suka shiga kafin aka same ta. Indo ba ta yi kururuwa ba, ta yi haƙuri irin na mutanen kirki. Ki sa yarinyar a addu'a, ki kuma koya wa Ja'afar cewa ruwa ba abokin wasa ba ne.

Babanku ya dasa albasa, amma gaɓa ta zaftare ta tafi da fangalin da ke bakin ruwa. Ranar da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a tsakar gida ya kasa cin tuwo. Ya ce da ni, "Kakanninmu da ƙoƙo suka sha kogin nan bai ƙare ba, mu ga shi ana shanye mana shi da tifa." Na ce ya rage murya. Kin san tifofin na Alhaji Tasi'u ne. Kin kuma san lambun nan ba namu ba ne, aron Alhajin ne tun suna samari, babu komai tsakaninsu sai amana. Daga lambun nan ake ci a gidan nan, ba mu da wani.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki bi mijinki, ki rage yawan musun da na ji ana cewa kina yi da mutane. Na ba Garzali daddawa da kuka ya kawo miki. Wassalam.

Mahaifiyarku

*

Agege, watan Disamba

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ladabi da fatan alheri. Ina fatan ke da Baba da ƙannena su Murja kuna lafiya, kuma gwiwar Baba da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Daddawa ta iso, mun gode, Allah ya ƙara girma. Garzali ya rantse warinta ya hana shanunsa sukuni tun daga Zariya. Ja'afar ya ce a gaya miki shi ya fasa auren, wai ya samu wata mai haƙora a ajinsu.

Inna, a ɗakin malamai na karanta takardarki, na kasa shiga aji. Safara'u da na goya lokacin da na zo wankan jegon Ja'afar. Allah ya jiƙanta, ya ba Indo dangana. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai, ramin yana nan. Gobe wata yarinyar za ta je wanki.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Akwai wata jaridar Hausa da ke fitowa mako-mako, tana da shafin ra'ayin masu karatu. Na daɗe ina aika musu rubutu a kan cunkoson ajujuwa da irin waɗannan, ina sa hannu da Malama R. Wannan karon na rubuta a kan yashin kogin Wudil, na kuma sa cikakken sunana, Rahinatu Gwadabe Wudil, don wanda ya ɓoye fuska ba a ɗaukar maganarsa da nauyi. Ban kama sunan kowa ba, sai na Safara'u. Maganar Baba ta ƙoƙo da tifa na sa ta a ciki, na ce wani dattijo mai lambu ne ya faɗa. Editan ya ji daɗinta har ya mayar da ita kanun rubutun. Ga shafin nan na yanko na sa miki a ambulan.

Ke kika koya mana cewa wanda ya ga ɓarna ya yi shiru da shi aka yi. Ina fatan ban yi laifi ba. A gaida Baba, a ce masa ya riƙa hutar da ƙafar.

'Yarki

*

Wudil, ƙarshen Disamba

Rahinatu,

Kowa lafiya.

Takardarki ta iso, amma rediyo ya riga ta. Ina tankaɗe da safe mai karanta jaridu ya rangaɗa sunanki da na babanku, tun daga nan har kasuwar shanu babu wanda bai ji ba. Sannu da ƙoƙari. Kin yi suna. Masu shayi sun haddace maganar ƙoƙo da tifa, yara suna rera ta duk lokacin da tifa ta wuce. Mutane sai sintiri suke a zaure suna tambayar babanku ko shi ne dattijon. Ashe karatun da aka yi miki bai faɗi ƙasa banza ba.

Ki ci gaba. Tunda kin fara, don me za ki tsaya a rabi? Ki ƙara wani. Ki ma gaya musu ko wane ne dattijon, kowa ya huta da tambaya.

Barakatu

*

Agege, watan Janairu

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya sanyi, yaya Baba, yaya ƙannena? Mu nan alhamdu lillahi, Ja'afar ya yi mura amma ya warke.

Inna, ban san ta inda zan fara ba. Da na buɗe ambulan na ga sunana da rubutun hannunki sai da na zauna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sa a bakinki ba. A Lajawa in kin zo ganin Kaka, nakan laɓe a bayan rumbu ina jira ko za ki manta ki kira ni, sai in ji kin ce, "Ina waccan yarinyar?" Na san kunya ce, ban taɓa riƙe ki ba. Amma yau na gane mutum yana iya girma da ƙishirwa bai sani ba. Na sa takardar a cikin Alƙur'anina.

Baban Ja'afar ya karanta ya ce, "Malama, anya wannan ba gatse ba ne? Babu gaisuwar ango, babu ko daddawa." Na ce masa shi ɗan Utai ne, bai san Inna ba. Inna ba ta wasa a takarda. In za ta yi faɗa shafi huɗu take cikawa, da ayoyi. Ya ce to, shi dai ya faɗi nasa.

Na yi abin da kika ce. Rubutu na biyu zai fito ranar Juma'a. Na faɗa musu dattijon mahaifina ne, kuma tun ba a haife ni ba yake noma a wannan gaɓa, don haka ya san abin da yake faɗa. Na ce masu tifofin ba baƙi ba ne, mutanen gari ne, a sahun gaba suke salla, kuma sun bi gawar Safara'u zuwa maƙabarta sun dawo sun ci gaba da lodi. Na roƙi hukuma ta hana haƙa kusa da wuraren wanki, a kuma kafa alama a bakin kowane rami. Ban zagi kowa ba.

Da ba ki tsaya mini ba da ban iya ba. Allah ya saka da alheri, ya bar mana ke.

'Yarki, Rahinatu

*

Wudil, watan Fabrairu

Bayan sallama. Muna nan da rai. Gwiwar babanku ta kumbura, Murja tana gasa masa.

Motar Garzali ta lalace a hanya, takardarki ta yi makonni a aljihunsa. Kafin ta iso an karanta rubutunki a rediyo, samari sun yaɗa shi a waya, an gama abin da za a gama. Ni kuwa ina zaune ina cewa lallai yarinyar nan ta raina ni da gangan. Sai da na karanta na gane ba raini ba ne, wauta ce, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba.

Mijinki ya fi ki hankali. Gatse na yi miki. Ɗan Bahaushe ko na goye ne, in uwarsa ta ce masa "ci gaba" ya san ya tsaya ke nan. Kin yi digiri kina koyar da 'ya'yan mutane, amma abin da Ja'afar zai gane ya gagare ki. Sunan kuma da kika sa a cikin Alƙur'ani, ki cire shi. Na rubuta shi ne don na ga ya zama na kasuwa, har masu shayi suna kama shi, na ce to ni wace kunya ta rage mini. Ba kyauta ba ce.

Kin ce ni na koya muku faɗar gaskiya. Na koya muku, amma ban ce ki ɗauki gaskiyar wani ki kai ta kasuwa bai aike ki ba. Mutum ya yi magana da matarsa a tsakar gidansa ransa a ɓace. Ni na gaya wa 'yata, ban gaya wa edita ba. Ke kina Legas a ƙarƙashin fanka kina jarumta, wanda zai haɗu da Alhaji Tasi'u a masallaci sau biyar a rana yana nan yana ɗingishi. Baki shi kan yanka wuya, amma ke wuyan wani kika miƙa.

Babanku ya sa babbar rigarsa ya je gidan Alhaji. Ya dawo na tambaye shi yadda suka yi. Ya ce Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya ce, "Haba Malam, ai 'yata ce. Yaran zamani ne, ba komai." Ya ba shi goro. Na ce to alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Bai raka ni ba." Shekara da shekaru in ya je sai Alhaji ya taka masa har bakin titi suna tsokanar juna. Ranar daga kan kujera ya sallame shi.

Bayan kwana biyu liman ya zo da saƙo. In kika rubuta a wannan jaridar cewa maganar ba ta babanku ba ce, ji kika yi a gari kika jingina masa, magana ta mutu. In ba haka ba, da zarar an cire albasa Alhaji yana bukatar wurinsa.

Saboda haka ga umarnina, kuma wannan ba gatse ba ne, na ja layi a ƙarƙashinsa don kada ki sake ruɗewa. Ki rubuta ki janye. Albasa ta fara kai, lokaci ya ƙure.

Mahaifiyarku

*

Agege, watan Maris

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Baba lafiya. Mu nan lafiya. Baban Ja'afar yana gaishe ku, bai ce mini "ai na faɗa miki" ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na cire takardar daga inda na sa ta. Na ɗauka kira ne, ashe kora ce. Inna, ta yaya zan gane gatsenki? Gatse a murya yake, ni kuwa ban san muryarki ba. Murja ta sani, da ita kike hira a madafa. Ni rubutunki kawai na sani, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na yi laifi da na ɗauki maganar Baba ban nemi izninsa ba. Na kira shi a waya na ba shi haƙuri, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya miƙa wa Murja. Zan iya rubuta wannan a jarida. Zan iya cewa mahaifina bai aike ni ba, bai san zan buga ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Na aika wa liman haka ta hannun Garzali, liman ya aiko cewa Alhaji ya ce hakan bai isa ba, shi so yake a ce ba a faɗa ba.

Wannan ne ba zan iya ba. Na zauna da biro na gwada, wallahi na gwada. In na ce Baba bai faɗa ba, na mayar da ke maƙaryaciya, na mayar da kaina maƙaryaciya, kuma duk wanda ya karanta zai ce to ramin ma ƙila ƙarya ne. Safara'u kuma ba ƙarya ba ce. An gaya mini ma'aikatan ƙaramar hukuma sun je sun kafa allo a wurin wankin. Allo ɗaya ne, na sani, amma da babu shi.

Baban Ja'afar ya ce yayansa yana da fadama a wajen Ɗankaza, zai yi masa magana ko Baba zai samu wuri. Don Allah ki faɗa masa a hankali.

Ki yafe mini. Ban ƙi umarninki don raini ba.

'Yarki

*

Wudil, watan Mayu

Zuwa ga uwar Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yaron. Mu nan mun gode Allah a kowane hali.

An cire albasa. Ba a ko gama kwashe ta daga fili ba motar haƙa ta shigo. Alhaji bai yi rashin mutunci ba, ya aiko an gaya wa babanku ya je ya ɗauke injin ban-ruwansa da tiyo kafin a fara. Ƙasan lambun ashe yashi ne mai kyau, irin wanda magina suke so. Murja ta je ta gani, ta ce har bishiyar gwaibar da suke hawa suna yara an tumɓuke ta. Babanku bai je ba.

Na gaya masa zancen Ɗankaza. Sai ya dubi gwiwarsa. Mutumin da yake takawa daga zaure zuwa masallaci da sanda ba zai fara sabuwar fadama a garin wasu ba, a aron surukai. Ki gode wa mijinki, ki ce ya bar maganar.

Indo ta shigo ta roƙe ni shafin jaridar da kika aiko. Ba ta iya karatun boko ba, ta ce in nuna mata inda sunan Safara'u yake. Na ɗora mata yatsa a kai, ta naɗe ta sa a gefen zane ta tafi. Na gaya miki ne don ba na ɓoye abin da ya faru, ba don ki ɗauka ya wanke ki ba. Mijinta lodin yashi yake yi, kuma yanzu a lambun babanku yake yi. Allon da kike alfahari da shi yana nan, akuya tana susa a jikinsa.

Kin ce kin ƙi yin ƙarya. To, kin tsira da gaskiyarki, sai ki riƙe ta da kyau, don da tsada aka saya miki ita kuma ba ke kika biya ba. Ban tsine miki ba, ba kuma zan tsine miki ba. Kin ce ba ki san muryata ba. Na karanta wurin, na ninke takardar, na je na ɗora tukunya. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini, ban taɓa jin wadda ta je jarida saboda haka ba.

Abin da ya fi lambun nauyi a gidan nan shi ne wannan. Babanku yana gaishe ni da safe, yana cin abin da na dafa, yana cewa an gode. Shi ke nan. Da, in ya dawo daga kogi ba ya barin in yi aiki saboda labari, wane ya ce, wane ya yi, tsutsa ta shiga albasar wane. Jiya na ce masa, "Malam, me kake tunani?" Ya dubi biron da ke kan taga, ya ce, "Ba komai."

Don haka na tara ƙannenki na kafa doka, ke ma ta hau kanki ko kina ina. Maganar da aka yi a cikin katangar gidan nan a nan za ta tsaya. Ba a rubuta ta, ba a aika ta, ba a ba wa waya, ba ku ba, ba ni ba. Wanda yake da ra'ayi a kan duniya ya faɗa da bakinsa, da sunansa shi kaɗai, ya bar na ubansa a gida. Zan ci gaba da aiko miki da takarda don zumunci wajibi ne, amma gaisuwa kawai za ki gani. Ko wa ya kwanta, ko me aka rasa, abin da zan rubuta shi ne kowa lafiya. In kina son sanin fiye da haka, ki shigo mota ki zo ki duba da idonki.

Mahaifiyarku